Kalsiyam a ƙwaƙwalwa: furotin ɗaya, ƙwayoyin gado uku, ina dalili?

Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga masu fisiyoloji. Muna karatun furotin ɗin da ke kama kalsiyam a cikin ƙwayoyin jijiya, sai na iske cewa kalmodulin a jikin ɗan adam ƙwayoyin gado uku ne ke ƙera shi: CALM1 a kuromosom (ƙunshin ƙwayoyin gado) na 14, CALM2 a na 2, CALM3 a na 19. Kuma abin da ukun ke fitarwa iri ɗaya ne sak, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 148, ko ɗaya bai bambanta ba. To ina amfanin ukun? Na tambaya a aji an ce in je in karanta. Na karanta, har yanzu ban gamsu ba.

Malam Sani: Wa alaikumus salam ɗiyata. A fahimtata ta malamin sakandare, tanadi ne. Abin da rai ya dogara da shi ba a bar masa hanya guda ba. In ɗaya ta samu matsala, biyun su ci gaba da aiki. Amma ga masana nan tafe.

Kabiru: Malam, amsar da ke fara zuwa wa kowa ke nan, sai dai abin da likitoci suka gani bai bi ta nan ba. Kowace ƙwayar gado kwafi biyu muke da ita, na uwa da na uba, ke nan kwafi shida na kalmodulin ke jikin kowannenmu. A 2012 aka fitar da rahoton wani babban dangi a Suwidin waɗanda zuciyarsu ke rikicewa idan sun motsa jiki ko hankalinsu ya tashi, wasu har suka yanke jiki suka faɗi matattu. Da aka bi diddigi, canji ɗaya tak aka samu a kwafi ɗaya na CALM1. Sauran biyar lafiyarsu lau, amma ba su hana komai ba. A 2013 kuma aka samu jarirai masu canji a CALM1 ko CALM2, zuciyarsu na tsayawa tun suna goye, wasunsu da farfaɗiya da jinkirin wayo.

Abin da ke faruwa a jariran nan shi ne gurɓataccen kalmodulin ba ya ja da baya ya bar masu lafiya su yi aiki. Aikin kalmodulin a nan shi ne ya maƙale a jikin ƙofar da kalsiyam ke bi ya shiga ƙwayar zuciya, idan ya ji kalsiyam ya isa sai ya sa ƙofar ta rufe. Gurɓataccen yana maƙalewa daram kamar mai lafiya, amma ba ya jin kalsiyam ɗin sosai, sai ƙofar da ya tsare ta daɗe a buɗe. Ƙofofi kaɗan irin wannan sun isa su ɓata bugun zuciya.

Ummi: Yaya Kabiru, wannan ya rusa batun tanadi, amma bai gina wani ba. Ukun fa?

Kabiru: Ki yi haƙuri ƙanwata, ina zuwa. Furotin ɗin ne ɗaya, ƙwayoyin gadon ba ɗaya ba ne. Ɓangaren da ke kunna kowace da kashe ta daban yake, kuma saƙon RNA da kowace ke fitarwa, wato umarnin da ake bi a ƙera furotin ɗin, wutsiyarsa daban ce. Wutsiyar nan ita ke tsara daɗewar saƙon da inda za a kai shi a cikin ƙwaya. Ƙwayar jijiya kuwa doguwa ce mai rassa, wani reshen yana nesa ƙwarai da cibiyarta, don haka inda za a ƙera furotin da lokacin da za a ƙera shi ba ƙaramin al'amari ba ne. Sannan kalmodulin yana hulɗa da ɗaruruwan furotin, ana bukatarsa da yawa, kuma ba shi da sararin canza siffa. Shi ya sa na mutum da na ɓera da na kaza duk jerin amino asid ɗinsu ɗaya ne. Jiki ya samu sassauci ne a wajen sarrafawa, ya bar furotin ɗin yadda yake.

Abban Sadiq: Salamu alaikum. Ni dai ban iya wannan dogon turancin naku ba, amma na ji abu ɗaya: ƙwaƙwalwa da kalsiyam take aiki. To ga shi kun tabbatar da abin da nake faɗa wa iyaye a shago. Lokacin jarrabawar WAEC da JAMB ina ba su shawara su saya wa yara ƙwayar kalsiyam, kuma suna dawowa su ce sun ga canji.

Dakta Hauwa: Alhaji, don Allah kada ka jingina wannan da mu. Babu wanda ya faɗi haka a nan.

Kalsiyam ɗin jini ba ya hawa da sauka da abin da ka haɗiya da safe. Akwai wasu 'yan ƙulli huɗu a wuya, bayan tayirod, da ke fitar da sinadarin da ke tsare shi tsakanin kusan 2.2 zuwa 2.6 a ma'aunin da muke gani a takardar gwaji. In abinci ya gaza, daga ƙashi ake ciro shi, domin kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake. In ya yi yawa, ƙoda ta zubar. Wanda jininsa ya cika da kalsiyam fiye da kima ba kaifin basira yake samu ba, kasala yake samu da rikicewar tunani da yawan fitsari da tsakuwar ƙoda. Wanda nasa ya faɗi ƙasa kuma hannunsa ke murɗewa, ko ya yi jijjiga.

Abban Sadiq: To Likita, canjin da iyaye ke gani fa?

Dakta Hauwa: Yaron da aka kashe wa kuɗi aka ce ga maganin karatu, aka kuma sa masa ido a kan littafi, ai dole a ga canji. Ka gwada ba shi ƙwai da barci isasshe.

Malam Sani: Bari in ƙara wa Alhaji yadda nake koya wa ɗalibaina. Ƙwayar jijiya ba tara kalsiyam take yi ba, korarsa take yi dare da rana. Abin da ke yawo a cikinta idan tana hutawa bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na wanda ke wajenta ba. Kamar madatsar ruwa ta Tiga ce: ruwa maƙil a gefe ɗaya, ɗaya gefen a ƙafe, ƙarfin duka yana cikin wannan bambancin. A ɗaga ƙofa kaɗan, ruwa ya kwararo da ƙarfi, saƙo ya isa, a rufe, a kwashe. Idan bango ya fashe kuwa ambaliya ce.

Dakta Hauwa: Kuma ambaliyar muna ganinta a gadon asibiti. A shanyewar ɓarin jiki, idan jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin ba su da ƙarfin fitar da kalsiyam, ga gulutamet, sinadarin saƙo na jijiyoyi, ya taru yana ta buɗe ƙofofi. Kalsiyam ɗin da ya cika ciki shi ke tayar da furotin masu yanka, irin su kalfen, su cinye ƙwayar daga ciki.

Nura Lab: Tunda an zo nan, ku san cewa ruwan Ringer da muke ƙara wa marasa lafiya daga wannan labarin ya fito. Sydney Ringer likita ne a Landan, yana ajiye zuciyar kwaɗo a ruwan gishiri tana ci gaba da bugawa. Ashe mai taimaka masa da ruwan famfo yake haɗa ruwan maimakon tataccen ruwa. Da aka koma tatacce sai zuciyar ta tsaya. A 1883 ya bayyana cewa ɗan kalsiyam ɗin da ke ruwan famfon Landan ne sirrin.

Ummi: To ku dawo da ni kan hanya. A littafinmu an raba furotin ɗin nan gida biyu, masu tsotse kalsiyam da masu jin sa su kai saƙo. Kalmodulin na gida na biyu. Su farbalbumin da kalbindin da kalretinin fa, tsotsa kawai suke yi?

Kabiru: Rabon yana da amfani a jarrabawa, amma tsotsar ma ba iri ɗaya ba ce. Duka huɗun suna kama kalsiyam da irin damƙa ɗaya, wadda ake kira hannun EF: murɗaɗɗun sassa biyu da ɗan zobe na amino asid 12 a tsakaninsu, kalsiyam ya zauna a zoben. Robert Kretsinger ne ya fara zana ta a 1973 daga farbalbumin na kifi. Kalmodulin yana da huɗu, in suka cika sai ya buɗe ya kama wani furotin ya kunna shi.

Farbalbumin, wanda PVALB a kuromosom na 22 ke ƙerawa, idan ƙwaya na hutawa magniziyam ne zaune a zobensa. Kafin ya saki magniziyam ya kama kalsiyam sai an ɗan jima. Saboda haka ba ya hana saƙo tashi, gaggauta mutuwarsa yake yi, ƙwayar ta shirya wa na gaba da wuri. Shi ya sa ake samunsa a ƙwayoyin jijiya da ke harba saƙo da sauri sosai, masu taka wa sauran burki, da kuma tsoka mai saurin motsi. Kalbindin kuma, na CALB1 a kuromosom na 8, mai saurin cafka ne, yana rage tsayin saƙon tun daga farko. Ya cika maƙil a ƙwayoyin Purkinje na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya, inda ake daidaita motsi. Ɓerayen da aka cire wa shi suna rayuwa, suna tafiya, amma a ɗora su kan siririn katako sai ƙafa ta riƙa zamewa.

Wani abu kuma kada ki rubuta cewa duk mai kama kalsiyam hannun EF gare shi. Sinaftotagmin, wanda ke sa a saki sinadarin saƙo a bakin jijiya cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, wata damƙa daban yake da ita mai suna C2. Bernard Katz ya nuna tun shekarun 1960 cewa ba a sakin saƙo sai kalsiyam ya shiga, amma sai da aikin Thomas Südhof aka gane wane furotin ne ke jin sa. Südhof yana cikin ukun da aka ba kyautar Nobel ta fannin likitanci ta 2013.

Dakta Hauwa: A gefe guda, farbalbumin ɗin nan na kifi shi ne ke sa wasu mutane kumburi da ƙaiƙayi idan sun ci kifi. Dafuwa ba ta cika lalata shi ba.

Nura Lab: Ni kalretinin na fi sani, domin shi ke zuwa kan tebur ɗina. Jaririn da aka haifa bai yi kashin farko da wuri ba, ciki ya kumbura, ana zargin ciwon Hirschsprung, wato ƙarshen hanjinsa babu ƙwayoyin jijiya. Likitan tiyata ya ɗebo ɗan nama bai kai ƙwayar shinkafa ba. Neman ƙwayar jijiya a wannan ɗan abu da rini na yau da kullum aiki ne mai cin ido, sai ka yi ta yanka kana dubawa. Amma in aka sa rinin kalretinin, hanji mai lafiya za ka ga siraran zare masu ruwan ƙasa sun ratsa ƙarƙashin fatar hanjin. In ka duba ko'ina fari fat babu zare ko ɗaya, ka kusa samun amsa. Haka kuma da shi ake bambance sankarar fatar huhu, wadda asbestos ke jawowa, da sauran sankarar huhu. Ƙwayar gadon kalretinin CALB2 ce, a kuromosom na 16.

Kuma ni a ganina waɗannan furotin garkuwa ne. A ciwon karkarwa na Parkinson, a cikin ƙwayoyin jijiya masu fitar da sinadarin saƙo dofamin, masu kalbindin su suka fi tsira, marasa shi su ke mutuwa. A ciwon ALS da ke kashe jijiyoyin motsi, masu motsa ido su ke jurewa har ƙarshe, kuma su ne masu farbalbumin da yawa. Wannan ba daidaituwa ba ce kawai.

Kabiru: Nura, a nan za mu rabu. Abin da ka faɗa an gani, ban musa ba. Amma wanda ya tsira yana ɗauke da abu, ba shi ke nuna abin ne ya tsirar da shi ba. A 1997 an gwada: aka ɗauki ɓerayen da ba su da kalbindin sam, aka ba su gubar MPTP da ke kashe ƙwayoyin dofamin. Da garkuwa ce, da ƙwayoyinsu sun fi na sauran mutuwa. Ba su fi ba. Ƙwayoyin da suka saba tsira sun tsira ko babu shi. Ke nan ƙila kalbindin tambari ne na wani jinsin ƙwaya mai wasu dalilan juriya.

Nura Lab: Ɓeran da aka haifa babu furotin ai jikinsa na iya nemo madadin tun yana ciki. Kalretinin na nan, ga mitokondiriya, ɓangaren ƙwaya mai samar da ƙarfi, ita ma tana tsotse kalsiyam. Ba hujja ce yankakkiya ba.

Kabiru: Na yarda ba yankakkiya ba ce, shi ya sa na ce ƙila. Amma ka ƙara da wannan: an ɗauki ra'ayin cewa kalsiyam ke gajiyar da ƙwayoyin dofamin har zuwa kan mutane. Aka ba masu sabon Parkinson 336 ko dai maganin hawan jini isradifin, mai toshe ƙofar kalsiyam, ko ƙwayar da babu komai a ciki, aka bi su shekara 3. Da sakamakon ya fito a 2020, bai rage tafiyar ciwon ba.

Nura Lab: Wasu sun ce adadin da aka bayar bai isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba.

Kabiru: Sun ce. Sai dai in aka ƙara, jinin mutum ya faɗi. Ni dai ina nan a kan cewa ba a tabbatar ba.

Lawal Anka: Salamu alaikum malamai. Tun ɗazu nake karantawa shiru. Ni ba ɗan kimiyya ba ne, daga Zamfara nake. Lokacin gubar dalma na ji wani ma'aikacin lafiya yana cewa dalma na shiga jiki ne a matsayin kalsiyam. Shin yana da alaƙa da wannan da kuke magana?

Dakta Hauwa: Malam Lawal, alaƙa ta kai tsaye, kuma tambayarka ta fi duk abin da muka tattauna kusa da mu. Dalma a jiki tana ɗauke da caji biyu kamar kalsiyam, girmansu ma bai yi nisa ba. Hanji yana tsotse ta ta hanyoyin da aka tanada don kalsiyam da ƙarfe, ƙashi yana ajiye ta shekaru, mai ciki kuma idan jikinta ya ciro kalsiyam daga ƙashi don ɗan tayi, dalmar na biyo shi. Yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da babba ke tsotsewa, kuma yaron da ke da ƙarancin kalsiyam ko ƙarfe ya fi tsotsa.

Kabiru: A cikin ƙwaƙwalwa kuma waɗannan furotin da muke lissafawa su take faɗa wa. Tana zama a zoben kalmodulin, ta ma fi kalsiyam riƙo, ta kunna shi ba tare da wani saƙo ya zo ba. Tana kama sinaftotagmin. Tana tayar da wani furotin mai suna PKC da ɗan mitsitsin adadi. A lokaci guda tana toshe ƙofofin kalsiyam na gaskiya da ƙofar NMDA. Sakamakon shi ne jijiya na sakin saƙo lokacin da ba a aike ta ba, idan an aike ta kuma ta saki kaɗan.

Ƙofar NMDA nan ce mashigar koyo. Kalsiyam ya shigo ta nan, kalmodulin ya kama shi, ya kunna wani furotin mai suna CaMKII, shi kuma ya sa wa kansa alama ya ci gaba da aiki bayan kalsiyam ya wuce, mahaɗar jijiyoyin ta ƙara ƙarfi. A 1992 aka cire wa ɓeraye CaMKII ɗin, suka kasa riƙe hanya yadda sauran ke yi. Yaro ɗan shekara biyu ƙwaƙwalwarsa na tsaka da wannan gini, shi ya sa ɓarnar ta fi yawa a kansa.

Lawal Anka: Allah sarki. Mu abin da muka gani, dutsen zinariya ake kawowa cikin gida. Ana daka shi a turmi, ana niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, a shanya a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Ƙurar ta bi tabarma, ta bi kwanon abinci, yaro ya sa hannu a baki. A Dareta da Yargalma da Abare sai yara suka fara amai da jijjiga, aka ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai a 2010 da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka zo aka gano. Yara kusan 400 aka rasa tsakanin Anka da Bukkuyum. Bagega ma sai 2013 aka kwashe ƙasarta. Waɗanda suka rayu, akwai wanda ido ya tafi, akwai wanda har yau magana ba ta zauna ba.

Malam Sani: Allah ya jiƙansu, ya ba iyaye haƙuri. Kuma ba a nan ta tsaya ba, a 2015 ta sake ɓulla a Shikira, ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Abban Sadiq: Amin. To Likita, ga shi da bakinki kin ce yaro mai ƙarancin kalsiyam ya fi tsotsar dalma. Ashe ƙwayar tawa na da amfani ke nan.

Dakta Hauwa: Alhaji, kai dai ba ka sakin ciniki. Kalsiyam na da amfani ga wanda ya rasa shi, kuma yaranmu da yawa sun rasa, domin tuwo da miya babu nono ba sa kawo isasshe. Binciken da Thacher da abokan aikinsa suka yi a Jos, wanda ya fito a 1999, ya nuna cewa lanƙwashewar ƙafa a yaran wajen ƙarancin kalsiyam ne ya fi jawo ta, ba rashin bitamin D ba, kuma da aka ba su kalsiyam ƙashin ya gyaru. Wannan magana ce ta ƙashi da hanji. Ba ta ƙara wa ɗan SS3 hadda, kuma ba ta fitar da dalmar da ta riga ta shiga. Wannan sai an raba yaro da ƙurar, sannan a ba shi magani mai kamo dalma ya fitar ta fitsari, irin DMSA da aka yi amfani da shi a Zamfara. In aka ba shi magani aka mayar da shi gidan da ba a kwashe ƙasarsa ba, aikin banza aka yi.

Ummi: Yaya Kabiru, tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Duk wannan hawa da saukar kalsiyam a cikin ƙwaya, ta yaya kuke ganinsa?

Kabiru: Da kalmodulin ɗin kansa. A 2001 Junichi Nakai a Japan ya haɗa shi da furotin mai ƙyalli kore da aka samo daga wata halittar teku, aka kira haɗin GCaMP. Ana sa ƙwayar gadonsa a ƙwayoyin jijiyar ɓera, a yi ɗan tagar gilashi a ƙoƙon kansa. Duk ƙwayar da ta harba, kalsiyam ya shiga, kalmodulin ya damƙe, sai ta yi haske. Ɓeran na gudu a kan faifai, kai kana kallon allo, ɗaruruwan ƙwayoyi na walƙiya ɗaya bayan ɗaya, wata ba ta kunnuwa sai ya iso wani gurbi na musamman. Matsalarsa ɗaya: shi ma mai kama kalsiyam ne, in ka cika shi da yawa ka canza abin da kake son aunawa, ƙwayar ma tana iya lalacewa.

Abban Sadiq: Likita, wata tambaya ta daban. Kwalli fa? Na ji ana cewa shi ma da dalma, kuma ina da shi a shago.

Dakta Hauwa: Na dutse, mai walƙiya in an fasa shi, yawanci dutsen dalma ne. Hukumar CDC ta Amurka ta ba da rahoto a 2012 kan wani jariri a Boston da aka samu dalma a jininsa, aka gwada kwallin da aka kawo masa daga Najeriya, fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Ba ta ido take shiga sosai ba, jariri ne ke murza ido ya kai hannu baki. Da ido ba za ka bambance mai dalma da marar ita ba, don haka kada a sa wa jarirai da ƙananan yara, masu ciki ma su haƙura. Wanda aka daɗe ana sa wa, a nemi gwajin dalma a jini, musamman in ga ƙarancin jini ko jinkirin magana.

Abban Sadiq: To, na jarirai zan daina sayarwa. Na amare kuma sai mun sake zama.